RuneQuest: Wasan da Takobinsa Ke Yanka da Gaske

Wata bakwai ke nan ni da abokaina huɗu muna haɗuwa duk yammacin Asabar a zauren gidan ɗayanmu, muna wasa da littafin RuneQuest: Roleplaying in Glorantha wanda kamfanin Chaosium na Amurka ya fitar a shekarar 2018, kuma sai yanzu nake jin na san shi sanin da zan iya yi masa hukunci ba tare da na zalunce shi ba. Ga wanda bai taɓa cin karo da irin wannan wasa ba, mutane ne ke zama a gewaye da tebur ko a kan tabarma, ɗaya ya zama jagora mai bayyana duniyar labarin da duk abin da ke cikinta, sauran kuwa kowa ya riƙe jarumi guda yana faɗin abin da jarumin nasa zai aikata. Idan abin da ya ƙudurta yana iya yiwuwa kuma yana iya ƙin yiwuwa, sai a jefa dayis, irin na ludo amma masu fuska 4, 6, 8, 10 ko 20, littafin dokoki kuma ya fassara abin da ya fito. Ba a sa kuɗi, kuma babu wanda ke cinye wani, domin gaba ɗayanmu labari guda muke saƙawa.

Tun da aka fara irin waɗannan wasanni masu tsara su ke gardama a kan tambaya guda: a duniyar da aka ƙaga, mai cike da dodanni da tsafi, har ina ya kamata dokoki su kwaikwayi yadda jikin ɗan Adam da ƙarfe suke a zahiri? Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974 kuma har gobe shi ne ya fi shahara, ya ɗauki hanyar sauƙi. A bugunsa na biyar mayaƙin da ya kai mataki na 10 yana iya tara makin rai, wato adadin raunin da zai iya ɗauka kafin ya faɗi, sama da 80, alhali saran takobi ɗaya bai cika wuce 10 ko 12 ba, don haka za a sare shi sau shida yana tsaye yana ba da amsa, ya kwana ɗaya kuma ya tashi garau kamar ba a taɓa shi ba. Wannan ba aibu ba ne ga mai neman tatsuniyar gwarzon da ba ya mutuwa. RuneQuest dai ya fito ne a 1978 da wata amsa dabam, kuma ba a banza ba: babban mai tsara dokokinsa, Steve Perrin, yana cikin waɗanda suka kafa wata ƙungiya a Kalifoniya a 1966 wadda mambobinta ke sa sulke su ɗauki garkuwa su gwabza da sanduna don raya salon yaƙin mutanen da. Mutumin da ya taɓa jin nauyin garkuwa a hannunsa ne ya rubuta dokokin faɗan, kuma ana jin hakan a kowane shafi na babin.

A RuneQuest babu matakai da jarumi ke hawa ya ƙara kaurin rai. Makin ransa daga ƙarfin jikinsa da girmansa yake fitowa, yawanci tsakanin 10 da 15, kuma kusan haka zai zauna har ya tsufa, ko da ya zama gwanin takobin da babu kamarsa a ƙasar. Abin da ke ƙaruwa shi ne gwaninta, wadda ake auna ta da kaso cikin ɗari. Wanda yake da 60 a sarrafa mashi zai jefa dayis biyu masu fuska 10 su ba da lamba tsakanin 1 da 100, idan ta zo 60 ko ƙasa da haka ya dace. Wannan tsari yana da daɗin koyarwa ƙwarai, domin ɗaya daga cikinmu da bai taɓa yin irin wasan ba ya gane shi cikin minti biyar, tunda kowa ya san ma'anar a ce abu yana da yiwuwar sittin cikin ɗari. Yadda gwanintar ke ƙaruwa ma ya burge ni. Idan jarumi ya yi amfani da wata fasaha cikin matsi ya ci nasara, sai a sa mata alama, daga baya a jefa dayis ana neman lambar da ta fi gwanintar tasa, idan an samu a ƙara masa tsakanin 1 da 6. Ma'ana ɗan koyo yana ci gaba da sauri, gwani kuwa da ƙyar yake ƙara taku ɗaya, kuma ba wanda zai iya iyo don kawai ya kashe 'yan fashi goma.

Sai maganar sara. Jikin jarumi an raba shi gida bakwai, ƙafafu biyu, ciki, ƙirji, hannaye biyu da kai, kowane da nasa makin da nasa sulken. Wanda jimillar ransa take 14, hannunsa maki 4 ne kacal, ƙafarsa 5, ƙirjinsa 6. Sulke a nan ba ya hana a same ka, rage zafin saran yake yi: farantin tagulla yana cinye maki 6 daga kowane sara, fata kuwa abin da take cinyewa bai taka kara ya karya ba. Wanda aka kawo wa sara yana da zaɓin ya tare da garkuwa ko makami, ko ya goce, kuma garkuwar kanta tana da iyaka, domin sara mai ƙarfi yana ratsa ta ya rage mata ƙwari har wata rana ta tarwatse a hannun mai ita. Idan mutum biyu ko uku suka taru a kan ɗaya, kowace tarewa bayan ta farko tana raguwa da kashi 20, shi ya sa a wannan wasa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi ba a baki kawai ba, a lissafi ma haka yake. Tsawon makami ma yana da rana. Zagayen faɗa daƙiƙa 12 ne, an kasa shi mataki 12, kuma matakin da mutum zai kai nasa saran ya danganta da zafin namansa da tsawon jikinsa da tsawon abin da ke hannunsa, ta yadda mai dogon mashi zai riga mai takobi, mai takobi kuma ya riga mai wuƙa.

Ban san nauyin waɗannan lambobi ba sai a zamanmu na uku. Ni ne jagora, kuma na shirya wa jaruman karo da ɓarayin shanu guda uku a wani mashigin rafi, ina ganin ɗan ɗumama jiki ne kafin a shiga labarin sosai. Babban cikinmu, wanda ya shafe shekaru yana wasan Dungeons & Dragons a ƙasar waje, ya ce jaruminsa zai afka musu shi kaɗai, ya bar sauran a baya suna ɗaura kibiya. Ɓarawon farko gwanintarsa 60 ce, na jefa masa dayis suka ba da 9. Dokar ta ce duk lambar da ta faɗo cikin kashi ɗaya bisa biyar na gwanintar, wato 12 ko ƙasa a nan, sara ne na musamman, kuma takobi a irin wannan hali ana jefa ɓarnarsa sau biyu. Mutumin namu yana da 70 a tarewa, ya jefa ya samu 84. Dayis mai fuska 20 ya nuna 14, wato hannun dama. Da aka haɗa ɓarnar ta kai 18, sulken hannun ya cinye 3, saura 15 a kan hannun da makinsa 4 ne, littafin kuwa ya ce gaɓar da ta sha ninki uku na makinta a sara ɗaya ta guntule.

Zauren ya yi tsit. Ya dubi takardar jaruminsa, ya dube ni, ya ce, "Malam, wai hannun ya fita ke nan, a zagayen farko?" Na juya masa littafin ya karanta da kansa. Ƙaraminmu, wanda jarumarsa mai warkarwa ce, ya ce, "Yaya, ka kwantar da hankalinka, littafin ya ba mu minti goma mu mayar da shi, in dai an tsinto hannun." Haka kuwa dokar take, sihirin warkarwa mai ƙarfin maki 6 yana mayar da gaɓar da ta fita idan an yi shi cikin minti goma. Sauran faɗan gaba ɗaya ya koma ƙoƙarin janye mutum ɗaya daga bakin rafi da neman hannunsa a cikin ciyawa, shanun kuwa ɓarayi suka kora abinsu.

Abin da ya biyo baya shi ne dalilin da ya sa nake ganin littafin ya cancanci kuɗinsa. Daga ranar 'yan wasan suka canja hali ba tare da na ce musu uffan ba. Suka fara tambayar mutum nawa ne a gaba kafin su zare takobi, suka fara aika ɗan leƙen asiri, suka koyi kwanton ɓauna, suka fara tara dukiya don sayen kwalkwali maimakon ado, kuma sau da yawa suka zaɓi a zauna a yi magana. Littattafai da yawa suna cika shafuka da nasiha ga jagora kan yadda zai sa 'yan wasa su ɗauki haɗari da muhimmanci. Wannan bai yi nasiha ba, ya sa hannun mutum maki 4 ne kawai, sauran kuma tsoro ya ƙarasa. A ganina amfanin kwaikwayon zahiri a dokokin wasa ke nan, ya sa wanda ke zaune lafiya a kan tabarma ya yi tunani irin na wanda zai iya rasa hannunsa.

Sai dai kowace riba da kuɗinta, kuma kuɗin wannan lokaci ne. Sara guda yana iya buƙatar jifa huɗu: na mai sara, na mai tarewa, na gurbin da aka samu da na ɓarna, sannan a duba jadawalin da ke faɗin abin da zai faru idan sara na musamman ya haɗu da tarewa ta yau da kullum, a rage sulke, a rage makin gaɓa, a rage jimillar rai, wani lokaci a rage ƙwarin garkuwa. Ɗan wasa jarumi ɗaya yake lura da shi, jagora kuwa idan ya fito da maƙiya shida to gaɓoɓi 42 yake bi da fensir. Faɗan da a cikin labarin bai kai minti ɗaya ba ya taɓa cin mana fiye da awa guda, har aka kira magariba ba mu gama zagaye na huɗu ba. Matakan nan 12 su ma suna da ruɗani, domin littafin yana amfani da su wajen faɗin wanda ya riga wani, kuma yana amfani da su kamar ma'aunin lokaci idan ana maganar tafiya ko harbin kibiya ko sihiri, kuma a inda ma'anonin biyu suka haɗu mun sha tsayawa muna gardama. Daga ƙarshe muka yanke wa kanmu hukunci guda muka rubuta a bayan takarda, muka daina komawa babin.

Akwai kuma wuraren da kwaikwayon ya yi tuntuɓe da kansa. A jadawalin gurbin sara, lamba 1 zuwa 8 duk ƙafafu ne, wato kashi 40, hannaye kashi 30, ciki 15, kai 10, ƙirji kuwa lamba 12 ce kaɗai, kashi 5. Ga masu faɗa da garkuwa wannan yana da hujja, tunda garkuwa ƙirji take rufewa ta bar ƙafa a fili. Amma jadawalin nan guda shi ake amfani da shi ga kibiya, sai ya zama maharbin da ya auna mutumin da ke tsaye ba garkuwa sau ɗaya cikin ashirin zai same shi a ƙirji, abin da duk wanda ya taɓa riƙe baka ko gwafa zai yi wa dariya. Bugu na uku, wanda kamfanin Avalon Hill ya fitar a 1984, yana da jadawali dabam na makaman jifa, kuma da an dawo da shi da ya fi. Amma shi wancan bugun ya zo da nasa wuce gona da irin, domin ya sa kowane jarumi ya riƙa rage makin gajiya ɗaya a duk zagaye, dokar da take daidai da yadda jiki yake amma ta fi ƙarfin haƙurin masu wasa. Bugun 2018 ya yar da ita, kuma ban ji kewarta ba ko sau ɗaya. Wannan ya nuna masu littafin sun san cewa ba kowace gaskiya ce ta cancanci a ƙirga ta ba, ko da yake ba koyaushe suka dace da wadda za su ajiye da wadda za su zubar ba.

Abin da ban zata ba shi ne, kwaikwayon da ya fi ƙarfi a littafin ba a fagen fama yake ba. Duniyar Glorantha, wadda marigayi Greg Stafford ya fara ƙagawa tun 1966, duniya ce ta zamanin tagulla inda baƙin ƙarfe yake da wuyar samu, kuma mutum a cikinta ba shi da daraja sai da danginsa. Kafin ka san ƙarfin jaruminka sai ka bi tarihin gidansu shekara bayan shekara, ka jefa dayis ka ga abin da ya sami kakansa da mahaifinsa: ko suna nan lokacin da Daular Wata ta ci ƙasar Sartar a shekarar 1602 ta lissafin duniyar, ko sun mutu a wani yaƙi, ko sun yi gudun hijira. Wasan yana farawa a 1625, jarumin yana ɗan shekara 21, kuma yana shigowa da gadon ƙauna da gaba da aka rubuta su da lambobi kamar sauran gwaninta: biyayya ga dangi 60, ƙin Daular Wata 70, mutunci 65. Ɗan wasa yana iya neman ƙarfin gwiwa daga ɗayansu a lokacin tsanani ya sami ƙarin kashi 20 ko fiye, idan kuma lambar ta kai 80 jagora yana da ikon tuna masa cewa mutum mai irin wannan zuciya ba zai juya baya ya tafi ba. Shirya jarumi ɗaya ya ɗauke mu kusan awa biyu, wanda ya yi yawa ga wanda sara ɗaya zai iya kashewa, amma babu ɗayanmu da ya tashi bai san sunan wanda gidansu ke bi bashin jini ba.

Shekarar Glorantha kwana 294 ce, yanayi biyar masu mako takwas-takwas da mako biyu na ibada a ƙarshe, kuma littafin ya so a yi kasada ɗaya a kowane yanayi, sauran lokacin jarumi yana gona ko wajen garkensa. A ƙarshen shekara ana jefa dayis a ga yadda girbi ya yi, abin da sana'a ta kawo, ko an yi aure, ko an haihu, ko yaron ya rayu. Shanun da ɓarayin rafi suka kora sun dawo mana a wannan lissafi, domin gidan ya shiga sabuwar shekara da ƙunci, kuma 'yan wasan da kansu suka ce sai an je an karɓo su. Kowane jarumi kuma yana da adadin fansarsa a rubuce gwargwadon matsayinsa, ta yadda wanda aka fi ƙarfi zai iya jefar da makami ya faɗi abin da danginsa za su biya. Na san kalmar fansa tana da ɗaci a kunnenmu a wannan zamani, kuma a teburinmu ma sai da aka yi shiru ranar da ta fara fitowa. A cikin wasan dai aikinta shi ne ta ba faɗa wata ƙofar fita banda kisa, kuma tare da dokokin diyya ita ce ke sa tsananin babin yaƙi ya zama abin da za a iya zama da shi.

Wajibi ne in faɗi wani abu a fili ga mai niyyar saye. Glorantha duniya ce ta alloli na ƙage da ƙungiyoyin bautarsu, kuma wannan ba ado ba ne da za a cire a gefe, domin kusan kowane jarumi ɗan wata ƙungiya ne kuma daga nan yawancin sihirinsa ke fitowa. Mu mun ɗauke shi a matsayin tatsuniya, kamar yadda ake ba da labarin Gizo da dodo ba tare da an yi imani da su ba, amma wani abokinmu ya duba littafin ya ce ransa bai kwanta ba, kuma ba mu matsa masa ba. Wanda yake son tsarin kaso cikin ɗari da faɗa mai gurbin sara ba tare da wannan duniya ba yana iya duba Mythras, wanda ya samo asali daga bugu na shida na RuneQuest kuma ya ɗauki sabon sunansa a 2016, domin shi ba a ɗaure yake da duniya guda ba, har tarihin zahiri ana iya yi da shi.

Ta fuskar kaya kuwa, littafin ya haura shafi 400, da Turanci yake, kuma Turancin mai nauyi ne a wasu wurare, musamman babin sihirin masana wanda har yau ba wanda ya taɓa shi a cikinmu. Zane-zanensa suna da kyau matuƙa, kuma suna aiki, domin daga su ne 'yan wasa suka gane irin tufafi da makaman mutanen. Babban gibinsa shi ne babu bayanin dodanni da namun daji a ciki yadda zai ishi jagora, sai an sayi wani littafin dabam mai suna Glorantha Bestiary, don haka wanda ya sayi wannan kaɗai yana zaton ya gama zai tarar da sauran kashe kuɗi a gabansa. Mu kwafin kwamfuta muka saya daga shafin kamfanin, muka buga babin yaƙi da takardun jarumai a shagon buga takardu, dayis kuma da farko manhajar waya ce ta tsaya mana kafin wani ya kawo mana na gaske daga tafiya.

Shawarata ga mai sha'awa ita ce kada ya fara da babban littafin. Kamfanin ya fitar da taƙaitattun dokoki kyauta a 2017 tare da labari guda da jarumai shiryayyu, sannan a 2021 ya fitar da akwatin masu farawa mai ɗauke da dayis da taswira da labarai. Zama biyu da ɗayansu ya isa mutum ya gane ko jama'arsa masu jin daɗin lissafin sulke da gaɓa ne ko kuwa masu hamma ne idan faɗa ya wuce minti ashirin. Idan na biyun ne, kuɗin babban littafin asara ne. Idan na farkon ne, ban san wani littafin da ya haɗa tsoron takobi da nauyin dangi kamar wannan ba, kuma mu mun riga mun sa ranar da za mu bi sawun shanun nan, wannan karon da mutum biyu masu dogon mashi a gaba, babban namu kuma a tsakiya da sabon farantin tagulla a hannun dama.